Yadda Nijar ta kafa tsarin gargaɗi kan yunwa

Yunwar da ta biyo bayan farin 1973 ba dabbobi da mutane kaɗai ta ci ba, har da gwamnati. Lokacin da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ɗaya daga cikin dalilan da sojoji suka bayar shi ne yadda aka yi sakaci da abincin agaji. Tun daga nan kowane mai mulki a Yamai ya san cewa rumbun talaka maganar siyasa ce.

Matakin farko na haɗin kai ya zo ne daga sama. A 1973 ƙasashe shida na Sahel, har da Nijar, suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu, sannan a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai domin bibiyar ruwan sama da amfanin gona. Bayan yunwar 1984, wadda mutanen karkara suka raɗa wa suna "El-Buhari" saboda rufe iyakar Nijeriya a wannan shekara, gwamnati ta kafa tsarin gargaɗi na ƙasa a 1989. Aikinsa shi ne tattara labari daga gundumomi da jihohi zuwa babban birni.

Shekarar 2005 ta tona raunin wannan tsari. Fara da ƙarancin ruwa sun rage amfanin 2004, amma ba raguwar da za ta tayar da hankali ba. Masu lissafi sun zuba ido kan yawan hatsin da aka girbe, alhali kuwa matsalar tana kasuwa. Farashin gero ya yi ta hawa har a Arewacin Nijeriya, inda Nijar ta saba cike giɓinta. Abin mamaki, jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar, a nan ne yara masu tamowa suka cika asibitoci. Gwamnati ta daɗe tana sayar da hatsi a farashi mai rahusa ga mutanen da ba su da ko dala, kuma Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa.

A lokacin, ƙananan hukumomi 265 da aka zaɓi kansilolinsu a Yulin 2004 ba su ko gama zama a kujera ba. Daga baya ne aka ba su gurbi: kwamitin ƙauye ya lura da farashin tiya, da halin rijiyoyi, da tashin matasa cin-rani, ya kai rahoto ga magajin gari, shi kuma ya miƙa shi ga gunduma. A ganina wannan ya fi duk gyare-gyaren muhimmanci, domin mai gari kan ga alamar yunwa kafin tauraron ɗan'adam ya gan ta. Sai dai yawancin kwamitocin da kuɗin ƙungiyoyin waje suke tafiya, in aikin ya ƙare sai su yi sanyi.

A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadinsu.