Lambun Kew da Sunayen Itatuwanmu

Duk wanda ya ziyarci Lambun Kew da ke bakin Kogin Thames a birnin Landan, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne manyan ɗakunan gilashi inda ake rainon tsirran ƙasashe masu zafi. Amma idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa wannan lambu yana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa.

Gimbiya Augusta ce ta kafa lambun a shekarar 1759, sannan ya koma hannun gwamnati a 1840. A zamanin mulkin mallaka, aikinsa bai rabu da neman dukiya ba. Alal misali, a 1876 an kawo irin itacen roba kimanin 70,000 daga Birazil, aka shuka a Kew, daga bisani aka aika da dashen zuwa yankin Asiya.

Dangane da ƙasarmu kuwa, wajibi ne mu ambaci Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. Ya tattara sunayen tsirrai daga bakin Hausawa, ya wallafa ƙamusunsu a 1916. Bayan ya bar aikin likita, ya haɗa gwiwa da John Hutchinson a Kew, suka fitar da kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. Ta haka sunaye irin su ƙirya da maɗaci da marke da sabara suka shiga rubutun masana.

A yau aƙidar lambun ta karkata ga ceto tsirrai daga ɓacewa. A shekarar 2000 aka buɗe rumbun iri a Wakehurst, inda ake busar da iri a adana shi cikin tsananin sanyi. Ƙwayoyin da ke ciki sun haura biliyan 2.

To, a nan ne ƙalubale yake gare mu ɗalibai da malaman Hausa. Ana iya ajiye iri a rumbu shekara da shekaru, amma suna da sanin amfanin itace a bakin jama'a suke rayuwa. Ƙirya tana ƙarewa a hannun masu gawayi, yaran birni da dama kuma ba sa bambanta gawo da ɗorawa. Lallai ne mu koma ga masu magani da maharba da makiyaya, mu rubuta abin da suka sani tun suna raye.