Al'adar Nok: Tsohuwar Fasahar Kudancin Kaduna

Al'adar Nok suna ne da masana tarihi suka laƙaba wa wata tsohuwar al'umma da ta shahara wajen ƙera mutum-mutumi da gasasshen yumɓu. Sunan ya samo asali ne daga ƙauyen Nok na al'ummar Ham, a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a 1928.

A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka a Jos, wani kan mutum-mutumi da aka samu a yankin Jama'a, kusa da Kafanchan. Kamanninsa da waɗanda aka tono a Nok ne ya tabbatar masa cewa al'umma ɗaya ce ta yi su.

Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus ta soma a 2005, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ya nuna al'adar ta faro wajajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanenta sun noma gero da wake, daga baya kuma suka narka ƙarfe.

Babbar barazanar da wannan gado ke fuskanta ita ce haƙar sata. Duk kayan da aka tono a ɓoye yakan rabu da shaidar da ke bayyana shekarunsa, shi ya sa dokar 1979 ta haramta fitar da kayan tarihi ƙasashen waje ba tare da izini ba.