Yadda Kashin Jemage Ya Tona Asirin Abincinsa

Jemage na farauta da dare, a sararin sama, ya tauna ƙwaro ya haɗiye cikin ƙiftawar ido. To ta yaya za a san abin da ya ci?

Da can, masana irin su John Whitaker na Amurka kan tsinci kashin jemage, su farfasa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suna neman guntun ƙafa ko fiffike. Matsalar ita ce ƙwaro mai taurin ɓawo kan bar shaida, mai laushin jiki kuwa sai ya narke. Sau da yawa dangin ƙwaron kawai ake ganewa.

A 2003, Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya nuna cewa wani ɗan yankin DNA zai iya bambanta jinsunan dabbobi. A 2009, Elizabeth Clare da abokan aikinta suka gwada dabarar a kan kashin jan jemage na Kanada, suka gano jinsin ƙwari 127.

A 2011, Kristine Bohmann da tawagarta suka bincika kashin jemagu kusa da gonakin rake a Swaziland, wato Eswatini ta yau. Cikin abincinsu har da ƙwaron da tsutsarsa ke huda karan rake, wanda ke ɓata masara a Afirka ta Yamma. Irin jemagun nan akwai su a Najeriya.

DNA ba ya faɗin adadin ƙwarin da aka cinye, amma yana faɗin sunansu. Don haka kafin manomi ya kashe jemagun da ke rufin ɗakinsa, ya kamata ya san abin da suke cinye masa.