Baitulmalin En'e da Masu Binciken Kuɗi

Da yawa daga cikin dattawanmu sun ci albashi daga baitulmalin En'e, amma 'yan baya ba su san yadda aka riƙa tsare dukiyarsa ba. Kafin zuwan Turawa, abin da aka tara na haraji da jangali yana shiga hannun Sarki ne, shi kuma ya ciyar da bayi da baƙi da malamai gwargwadon adalcinsa. A Katsina, zamanin Sarki Dikko, Razdan Palmer ya fara gwada ware kuɗin jama'a a baitulmali, aka yanka wa Sarki da hakimai albashi. Zuwa 1911 tsarin ya bazu a manyan masarautun Arewa.

Ido biyu ne a kan wannan dukiya. Na farko na cikin gida: Ma'aji da malamansa suna rubuta shiga da fita kullum, ba a fitar da sisi sai da takardar izini, Di'o kuma yakan faɗo ba sanarwa ya ƙirga abin da ke cikin akwati ya gwada da littafi. Na biyu shi ne odita, wanda doka ta ɗora wa bin lissafin shekara bayan an rufe shi. A ganinmu na farkon ya fi nauyi, domin odita yakan iso ne bayan aikin gama ya gama.

Kano ta nuna haka. Baitulmalinta ya fi na kowace En'e ƙarfi, albarkacin gyaɗa da yawan masu biyan haraji, amma a 1962 sai ga shi kuɗi sun yi ƙaranci har gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D. J. M. Muffett ya bincika. Littattafai na nan, dokoki na nan. Abin da ya yi wuya shi ne ƙaramin ma'aikaci ya dubi na sama da shi ya ce ina rasit. Tun a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi a gyara tsarin En'e a Majalisar Kaduna, gyaran kuwa ya yi ta tafiyar hawainiya.

Ba mu manta ba cewa masana tarihi da dama suna ganin tsamin dangantaka tsakanin Sardauna da Sarki Muhammadu Sanusi ya sa hannu a binciken. Ko ma mene ne, a 1963 Sarki ya yi murabus ya koma Azare. En'e kanta ta ƙara shekara 13, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe ta.