Daga Jigo Zuwa Rumfar Leda: Tarihin Rainon Iri a Fadamun Jega da Aliero

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a watan Satumba ko Oktoba ba zai tarar da tulin buhunan albasar da suka yi wa Aliero suna ba, don lokacinsu bai yi ba. Abin da zai gani shi ne ƙananan fangaloli a bakin fadama, an lulluɓe su da ciyawa. A nan ake rainon irin albasa. Manomi zai gyara ƙasa ta yi laushi, ya zuba ruɓaɓɓen taki, ya yafa ƙwayar irin, baƙa ƙarama, ya rufe. Bayan mako guda ko kwana 10 tsiro ya leƙo sai a yaye ciyawar, a ci gaba da ban ruwa safe da yamma. Sai ya yi mako 6 zuwa 7 kafin a cire shi a kai gona a dasa. Duk arzikin da za a kwasa a watan Maris da Afrilu, a wannan ɗan fili aka ɗaura shi.

Kasuwanci ne ya raini wannan yanki tun asali. Malam Buhari ɗan Abdussalami Bagimbane ya kafa Jega wajen shekarar 1820 a gefen Gulbin Zamfara, cikin ƙasar Gwandu, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, inda fataken goro masu zuwa Gwanja kan yada zango. Garin da ke tara baƙi haka dole ya nemi kayan miya, ga kuma fadama a kusa. Sai dai da jigo ake ban ruwa a wancan zamani, guga bayan guga, don haka lambu bai wuce abin da ƙarfin mutum da iyalinsa zai iya shayarwa ba. Kowa kuwa shi ke ajiye irinsa.

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, kuma a daidai waɗannan shekaru shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa ya yaɗa rijiyar burtsatse marar zurfi da ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur. Jigo ya ja da baya. Gonar da a da fangali kaɗan ce ta koma eka, tun daga Aliero da Sabiyal har ƙauyukan Maiyama irin su Mungadi da Sambawa. Da gona ta faɗaɗa haka sai irin gida ya daina isa, aka fara sayen ƙwayar a kasuwa, wanda rainonsa ya lalace kuma ya sayi dashe wurin maƙwabci. Daga nan rainon iri ya zama sana'a mai cin gashin kanta. A 2006, zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a Aliero, wadda ke da gonar bincike a fadamar Jega.

Sabon salon da ake yayi yanzu shi ne rumfar leda, inda ake shuka kowace ƙwaya a gurbinta cikin faranti, ba ruwan sama, ba ƙwari, ba zafin rana kai tsaye. A Arewa tumatir ne ya ja wannan fasaha. Bayan tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, kamfanin Dangote ya gina irin wannan rumfa a Kadawa ta Jihar Kano domin raba wa manoma dashe, kamfanin GBfoods kuma ya haɗa tasa rumfar da masana'antar tumatir da ya kammala a 2020 a ƙaramar hukumar Ngaski, nan cikin Kebbi. Babu mai musun amfanin rumfar leda. Ambaliyar 2020 ta nuna yadda ruwa ke share fangalin da ke fili cikin dare ɗaya, manomi ya koma neman iri da tsada bayan lokaci ya ƙure.

Amma a ganina, babban ciwon mai albasa yana cikin ƙwayar irin ne, kuma rumfa ba ta maganinsa. Albasa sai ta yi zagaye biyu kafin ta ba da iri: a shekarar farko a samu kai, a zaɓi masu kyau a adana a rudu, sannan a sake binne su su yi fure. Ƙudan zuma da ƙudaje ke haɗa furen, saboda haka idan gonar iri ta yi kusa da wata albasa daban, jinsin ya gauraye. Ƙwayar kuma ba ta jure ajiya, idan ta wuce shekara a zafin ƙasarmu yawancinta ba za ta tsiro ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ido ba ya bambance mai kyau da gurɓatacciya a cikin kwano. Manomi zai raina, ya dasa, ya zuba taki, ya sayi fetur a farashin da ya ninka tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, sai bayan wata uku ya ga ganye ya yi kore shar, wuya ya yi kauri, ƙasa kuwa ba kai. Ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta ƙasa ta sha kokawa kan wannan asara a 'yan shekarun nan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe jinsi ɗaya, jar albasar Galmi ta yankin Tawa, suka tsare sunanta har ta zama abin nema a duk Afirka ta Yamma. Albasar Aliero ba ta gaza ta a kasuwa ba, manyan motoci na kwasarta zuwa Legas da Anacha da Aba. Abin da ya dace jami'ar da ke garin ta sa gaba shi ne tace jinsin gida, a ware gonakin iri nesa da sauran gonaki, a ba tsofaffin masu ajiye iri aikin ninka shi. Dokar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ta 2019 ta tanadi hukunci kan sayar da jabun iri, hukumar kuma ta fito da lambar da ake kankarewa a jikin fakiti a tura ta waya don tantancewa. Sai dai wannan lamba tana jikin fakiti ne kawai, alhali mafi yawan irin albasa a kasuwannin Jega da Aliero da kwano ake auna shi.