Tiriyaj: Asalin Kalmar Tantance Marasa Lafiya

Tiriyaj shi ne tantance marasa lafiya tun daga bakin ƙofar asibiti domin a fara da wanda rayuwarsa ta fi shiga hatsari, ko da shi ne ya zo ƙarshe. A Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a jahar Tillaberi, ma'aikatan lafiya da Faransanci suka yi karatu, saboda haka da wannan suna suka san aikin.

Kalmar ta fito ne daga aikatau na Faransanci "trier", wato warewa ko tsincewa. Masana da dama suna danganta shi da kalmar Latin "tritare", mai nufin murzawa ko sussuka, aikin da ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Wasu na zaton farkon kalmar yana nufin uku, ganin ana yawan kasa majinyata kashi uku, amma wannan kuskure ne. A ƙarni na 18 ƴan kasuwa suna amfani da ita wajen ware gashin tumaki mai kyau da maras kyau, daga baya har da ƴaƴan kofi.

Yaƙi ne ya shigo da ita aikin likita. Dominique Jean Larrey (1766–1842), babban likitan tiyata a rundunar Napoleon, ya kafa ƙa'idar fara duba sojan da rauninsa ya fi tsanani, ba tare da kallon muƙaminsa ba. A wancan zamani na fifita manya, wannan ba ƙaramar jarunta ba ce. Sunan tiriyaj kansa ya bazu ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914–1918), inda likitocin Ingila da Amurka suka karɓe shi daga Faransawa.

A shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tantance yara, wanda aka gina bisa aikin da aka yi a Malawi. Ƙasashe masu amfani da Faransanci suna kiransa TETU. Yaron da numfashinsa ya toshe, ko yake jijjiga, ko ya suma, ko ruwan jikinsa ya ƙare, ba ya bin layi. Amfanin wannan ya fi bayyana da damina da farkon kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara. Daga Filinge zuwa Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 180, don haka a wurin tantancewar ake fara gane wanda za a yi wa magani nan take, da wanda dole a ɗora a motar asibiti zuwa Yamai.