Kalmar "Inupiaq" da Tarihin Ƙamusun Hausa

Wani mai sauraronmu, mai sayar da mazarƙwaila a Likoro ta ƙaramar hukumar Kudan, ya ce ya ji kalmar Inupiaq a rediyo. Yana so a gaya masa ma'anarta da yadda ake faɗinta, kuma ina ake samo irin wannan bayani?

To Malam, wannan sunan harshen mutanen arewacin Alaska ne a Amurka. Ana cewa "Inyupiyaƙ", amma harafin ƙarshe daga maƙogwaro yake fitowa, kamar ƙaf ta Larabci. Ma'anarta "mutum na ainihi". A ƙamus ake samun wannan, kuma babban ƙamusunsu bai fito ba sai 2014, aikin wata 'yar ƙabilar, Edna MacLean, lokacin da masu jin harshen sosai yawancinsu tsofaffi ne.

Mu kam namu ya riga nasu da shekara 80. Wani Bature ɗan mishan, G. P. Bargery, ya shafe fiye da shekara goma yana zagaya ƙasar Hausa yana tambayar mutane, har ƙamusunsa ya fito a 1934 da kalmomi kusan 39,000. Sau da yawa yakan nuna cewa kaza faɗar Katsinawa ce, kaza ta Sakkwatawa ko Zazzagawa.

Abin da ya fi ba da wuya shi ne furuci. Ka duba "fari". Akwai farin zane, akwai farin da ke ƙona dawa in ruwa ya ɗauke, ga kuma ɗan fari. A takarda duk ɗaya ne, baki ne ke raba su. Haka kukan yaro da kukar miya. Bargery ya sa alamomin jan wasali da hawa da saukar murya, don wanda bai taɓa jin kalma ba ya iya faɗinta daidai. R. C. Abraham ya bi sahu a 1949.

Sai dai fa, a ganinmu, akwai gyara: da Turanci suka yi bayanin, manomi bai amfana ba. A 2006 Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa mai bayani da Hausa zalla. A Zariya ma aka buga shi, nan kusa da ku. In ka shiga gari cin kasuwa, ka tambaya a shagunan littattafai.